Haya a Saiwar Wake

A bayan Iba, inda danfo ke tari da hayaƙi,
tsakanin katangar makaranta da kwatar da ba ta ƙafewa,
ina da kunya goma sha ɗaya.
Ƙasar ba tawa ba ce. Aro ce.
Ugu a gabas, alayyahu a yamma,
wake a tsakiya, don kewar Gumel.

Bana ciniki ya yi albarka a Alaba Rago,
na ɗauko buhun yuriya a bayan okada,
fari fat, kamar gishirin da bai san miya ba.
Na zuba wa wake da hannu biyu,
irin ciyarwar da ake wa ɗan fari.
Kunya tara suka ci suka ƙoshi,
buhu ya ƙare kafin biyun ƙarshe.
Har kunyar kallonsu nake ji.

Ganye ya yi shar, ya yi yaɗo, ya hau kan ɗan'uwansa,
mai wucewa sai ya tsaya ya ce barka.
Fure kuwa ɗai-ɗai,
kamar gaisuwar mutumin da ya yi kuɗi.

Ran Talata, bayan ruwa ya ɗauke,
sai ga Morounkeji 'yar jami'a,
da takalmin roba, da reza a cikin littafi.
"Baba Tanimu, ara mini tushe biyu."
Ta tuge ƙosasshe, ta tuge mayunwaci,
ta ɗauraye su a bokitin ban-ruwa.

Saiwar mayunwacin duk gudaji ce,
jere kamar carbi.
Ta tsaga ɗaya: ciki ja,
jan goron da aka fasa yanzu.
Saiwar ƙosasshen sumul,
ƙulli uku ne, ko huɗu, ba su kai ƙwayar gero ba,
ciki fari,
ɗakin da aka kwashe kaya.

Ta ce, "'Yan haya ne a nan, Baba,
halittun da ido bai isa ya gani ba.
Wake ya gina musu ɗaki, yana aika musu zaƙin ganyensa,
su kuma su kamo naitirojin daga iska
su dafa masa, shi ne kuɗin hayar.
Jan nan shaida ce murhu na ci.
To, ka zo ka zube masa dafaffe a ƙofar gida.
Wa zai ciyar da mai girki alhali tukunya cike?
Sai ya rufe ƙofa ga sababbin zuwa,
ya janye tuwo daga na ciki."

Na yi shiru.
Jirgi ya ratsa sama zuwa Ikeja.

Shekara sha huɗu ina kan wannan fili.
Na same shi juji, kwalabe da ledoji,
na mayar da shi ƙasa mai ƙamshi.
Duk Juma'a damin ugu na tafiya gidan Baba Adisa,
ba takarda tsakaninmu, ba lauya,
ci ka ba ni, in ci in ba ka.
Watan jiya wasu suka zo da farar mota,
da igiyar awo, da turakun kankare.
Tun ranar in na gaishe shi
waya yake dubawa.

Ban ga laifin wake ba.
Ba mugunta ba ce, lissafi ne,
kuma ni na ɓata lissafin da hannuna.
Amma ruwan Ikko ba ya barin taki ya kwana biyu,
zai wanke shi zuwa kwata, kwata ta kai lagun,
ranar nan saiwa za ta laluba
ta ji ɗakunanta wayam.

Baɗi zan ba shi ɗan tsunkule kawai, a farko,
abin riƙe ciki kafin baƙi su sauka,
sauran in kai wa alayyahu, shi ba ya da kowa.
In baɗi ta same ni a nan.

Yarinyar ta tafi da tushenta a leda.
Gudaji ɗaya ya faɗi a bakin kunya.
Na ɗauka na murtsuke,
ya bar mini ja a babban yatsa
kamar wanda ya dangwala wa wata yarjejeniya.